Wa ya ci ribar fitar kiɗan Brazil waje?

Tambaya: Malam, ina koyon jita, kuma kwanan nan kiɗan Brazil ya shiga raina. Na lura 'yan bossa nova sun yi suna a Amurka da Turai da Japan, amma manyan mawaƙan samba kusan ba a san su a waje ba. Me ya kawo haka? Su kuma waɗanda suka fita ɗin, fitar ta yi musu rana kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'ar jitar. Tambayarka biyu ce a ƙunshe, ta biyun kuma ta fi nauyi, don haka a kanta zan fi daɗewa. Na shafe shekaru ina tara faya-fayan mutanen nan ina bin tarihinsu, kuma abin da na gani shi ne fitar ta yi wa wasu rana ƙwarai, wasu kuwa ta bar su da suna hannu wayam. Abin da ya raba su galibi takarda ce: sunan wa aka rubuta a matsayin mai waƙar, wa kuma ya sa hannu a kan me.

Bari mu fara da bambancin kiɗan biyu, domin amsar tambayarka ta farko tana nan. Samba kiɗan taro ne. Ta girma a Rio de Janeiro a farkon ƙarni na 20, a gidajen baƙar fata da suka gangaro daga jihar Bahia bayan an haramta bauta a 1888. Asalin bugunta ya fi komawa Angola da Kongo. Na faɗi haka ne don na san wani zai ce ai an kai Hausawa Bahia. Gaskiya ne an kai su, har sun yi yunƙurin bore fiye da sau ɗaya tsakanin 1807 da 1814, amma kada mu yi wa samba da'awar da ba mu da hujjarta. Kafin a ce samba ta cika, sai an haɗa babbar ganga mai suna surdo, da pandeiro wanda ya yi kama da bandirinmu sai dai yana da 'yan ƙarafa a gefe, da cuíca mai kuka kamar wata dabba, da 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu da suke kira cavaquinho, ga mai ba da waƙa, ga 'yan amshi. Abin da ake kira makarantun samba, irin su Mangueira da Portela, ƙungiyoyin unguwa ne, babu aji babu allo, kuma a bikin Carnival, babban bikin titi na shekara-shekara, makaɗan ƙungiya ɗaya kan kai ɗaruruwa. Sannan rabin daɗin samba yana cikin magana: habaici, bege, kukan talauci, kirarin unguwa. Ka ɗauki Shata ka ajiye shi gaban wanda bai jin Hausa, zai ji kalangu ya girgiza kai, amma abin da ke sa mu dariya ya wuce shi. Haka manyan samba suke ga wanda bai jin harshen Fotugal.

Bossa nova kuwa 'yar samba ce da aka rage wa kaya. João Gilberto, wani ɗan garin Juazeiro a Bahia, shi ya zauna ya tattara bugun gangunan nan duka ya mayar da su hannunsa na dama: babban yatsa yana aikin surdo, sauran yatsun suna aikin ƙananan ganguna. Tunda kana koyon jita, wannan ne abin da za ka fi sa wa kunne. Ya ɗora murya ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa. A 1958 ya ɗauki «Chega de Saudade», kiɗan Antônio Carlos Jobim, baitocin Vinicius de Moraes, daga nan ake lissafin farkon abin. Yadda Jobim ke haɗa sautuka ya yi kusa da abin da makaɗan jazz suka saba, saboda haka Ba'amurke mai busa yana iya ɗora busarsa a kai ba tare da ya san kalma ɗaya ta waƙar ba. Ga kuma sauƙin tafiya, mutum ɗaya da jita ɗaya da tikitin jirgi ɗaya, kamar Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa.

Akwai wani dalilin da ba a cika son faɗa ba. 'Yan bossa nova yawancinsu farar fata ne masu rufin asiri daga unguwannin bakin teku, Copacabana da Ipanema. Sun yi boko, wasu suna jin Turanci ko Faransanci, Vinicius ma jami'in diflomasiyya ne. Masu samba kuwa mutanen kan tsaunuka ne, inda talakawa suka kafa bukkoki. Wanda ke neman abin da zai ci yau, ina shi ina fasfo?

Duk da haka samba ce ta fara fita. A 1922 Pixinguinha da ƙungiyarsa Oito Batutas suka je Paris suka yi wata shida suna wasa, wasu jaridun gida kuma suna ta ƙorafin wai me ya sa baƙar fata za su wakilci Brazil a idon Turawa. A 1940 shahararren shugaban makaɗa Leopold Stokowski ya zo Rio, aka tara masa gwanayen samba irin su Cartola da Donga da Pixinguinha a cikin jirgin ruwan da ya kawo shi, aka ɗauki kiɗansu. Kamfanin Columbia ya fitar da faya-fayan a Amurka, a Brazil kuwa sai bayan gomman shekaru aka buga su. Muryoyin sun ƙetare teku, masu su suna nan kan tsauni.

Wadda ta fara cin kasuwar waje da gaske ita ce Carmen Miranda, kuma labarinta ya isa darasi shi kaɗai. A Fotugal aka haife ta a 1909, aka kawo ta Rio tana jaririya, ta zama tauraruwar samba a rediyo. A 1939 Lee Shubert, mai gidajen wasa a Broadway ta New York, ya gan ta yana Rio ya ɗauke ta. Ta kafe sai an tafi da makaɗanta, Bando da Lua, don ta san makaɗan Amurka ba za su iya riƙe mata bugun ba, kuma wannan dabara ce. Lokacin ya yi mata daidai, domin gwamnatin Amurka tana zawarcin ƙasashen kudancin nahiyar a zamanin yaƙin duniya na biyu. Hollywood ta karɓe ta, har a 1945 aka ce babu macen da ta kai ta ɗaukar albashi a duk Amurka. Amma dubi abin da aka saya. Shigar da take yi ta matan Bahia ce, baƙaƙen mata masu tallar abinci a titi, sai aka mayar da ita abin raha: tulin ayaba da abarba a ka, gurɓataccen Turanci da gangan, yau a ce mata 'yar Ajantina gobe 'yar Kuba. Da ta koma Rio a 1940 ta yi wasa a gidan caca na Urca, manyan gari suka karɓe ta a sanyaye, aka ce ta zama Ba'amurkiya. Ta mayar musu da martani da wata samba a kan wannan zargin, ta koma Amurka, ba ta sake taka Brazil ba sai bayan shekara 14. Ta rasu a 1955 tana da shekara 46, aiki ya cinye ta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji Hausawa, kuma wannan zargin na sayar da kai ga Amurkawa ya bi kusan duk wanda ya fita bayanta.

Bossa nova ta shiga duniya ta ƙofa biyu. Ta farko fim ne, «Orfeu Negro», wanda Bafaranshe Marcel Camus ya shirya a Rio da kiɗan Jobim da Luiz Bonfá, ya ci babbar lambar bikin fina-finai na Cannes a 1959, ya kuma ci Oscar. Ta biyu makaɗan jazz ne. A 1961 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta tura mai jita Charlie Byrd rangadi Kudancin Amurka, ya dawo da faya-fayan João. A Fabrairun 1962 shi da mai busa saksofon Stan Getz suka shiga zauren wani coci a Washington suka ɗauki «Jazz Samba» a yini ɗaya. Faifan ya hau har matsayi na ɗaya a jerin ciniki na Billboard, kuma babu ɗan Brazil ko ɗaya a cikin makaɗansa. Wato kafin masu abin su iso, an riga an buɗe rumfa ana sayar da kayansu.

Sun iso ranar 21 ga Nuwamba 1962, a dandalin Carnegie Hall na New York. Wani mai kamfanin faifai, Sidney Frey, shi ya shirya taron da taimakon ma'aikatar harkokin wajen Brazil. João yana nan, Jobim yana nan, ga Bonfá, Sérgio Mendes, Carlos Lyra, Roberto Menescal, Oscar Castro-Neves da sauransu. An cika dandali da makirufo na gidajen rediyo har sauti ya rikice, wasu daga cikin samarin kuma ba su taɓa hawa babban dandali ba. A gida wasu jaridu suka ce an kwashi kunya. A ganina wasan bai kai a yi ta yabonsa ba, amma cinikin da aka ƙulla bayansa shi ne magana, domin masu kamfanoni suna zaune a cikin jama'a, kuma da yawa daga waɗanda suka zo ba su koma da wuri ba.

Wata huɗu bayan haka, a Maris 1963, aka shiga situdiyo a New York kwana biyu: Getz da busa, João da jita da murya, Jobim da fiyano, Milton Banana da ganga, Creed Taylor furodusa. Ana son a rera wani ɓangare na waƙar yarinyar Ipanema da Turanci, João kuwa ba ya yi. Matarsa Astrud, 'yar shekara 22 da ba ta taɓa fitar da faifai ba, ita ta rera. Da kamfanin Verve ya tashi fitar da waƙar a ƙaramin faifai a 1964, sai ya yanke muryar João ɗungurungum ya bar ta Astrud. Ita ce ta kai matsayi na biyar a Amurka, ta zagaye duniya. A 1965 kundin «Getz/Gilberto» ya ci Grammy na kundin shekara, karon farko ke nan da faifan jazz ya ci wannan lambar, waƙar kuma ta ci nata.

To, nawa aka ba Astrud? Abin da masu tarihin kiɗan suka ruwaito shi ne dala 120, kuɗin aikin dare ɗaya, babu kaso a ciniki, sunanta ma bai fito a bugun farko na kundin ba. Getz kuwa ya samu abin da ya sayi katafaren gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Aurenta da João ya mutu, ta bi ƙungiyar Getz rangadi, daga baya ta kafa nata suna, ta yi shekaru tana wasa a Amurka da Turai da Japan. Jaridun Brazil ba su taɓa yi mata adalci ba, suna ganin sa'a ce kawai ta faɗo mata. Bayan wani wasa a 1965 ba ta sake hawa dandali a ƙasarta ba, ta rasu a Philadelphia a 2023. Duk wanda ya ce ba ta iya waƙa ba, ya gwada riƙe murya a miƙe haka ba rawa ba ƙawa, ya ga ko abu ne mai sauƙi.

Jobim ya fi kowa fita da riba, domin shi mai waƙoƙin ne, duk inda aka buga su a duniya akwai kasonsa. Amma shi ma ya sha mamaki da farko. Ga yadda abin yake: idan aka sa wa waƙarka baitocin Turanci, wanda ya rubuta su ya zama abokin tarayyarka a haƙƙin mallaka, kamfanin da ya yi rajistarta a can shi ma yana da nasa. Norman Gimbel, wanda ya rubuta Turancin waƙar Ipanema, ya ci moriyarta har ƙarshen rayuwarsa. Jobim ya ga kasonsa yana ta ƙanƙancewa, ga shi sau da yawa ma'anar ma an sauya ta. Sai ya dage da Turanci, ya kafa kamfanin rajistar waƙoƙinsa, har ya kai ga rubuta Turancin «Águas de Março» da hannunsa. A 1967 Frank Sinatra ya neme shi suka yi kundi tare, sunansu biyu a jiki. Wani abin dariya, Jobim mutumin fiyano ne, amma a Amurka jita aka fi son a gan shi da ita, don ita ta dace da hoton ɗan Kudancin Amurka da suke da shi a kai. Akwai maganar da ake jingina masa, wai mafitar makaɗin Brazil ita ce filin jirgin sama. Ya rasu a New York a 1994, kuma yau babban filin jirgin saman Rio sunansa yake ɗauke da shi.

João kuwa wani irin mutum ne. Ya zauna a Amurka, ya yi ɗan zama a Meziko, ya koma gida wajajen 1980. Ba ya son hira, ba ya son fita, yakan makara zuwa wasa, yakan tsayar da waƙa ya yi ƙorafin sauti ko ya ce na'urar sanyaya ɗaki tana ɓata masa saitin jita. Masu shirya wasa suna tsoronsa suna kuma nemansa. Mutanen da suka fi dacewa da halinsa su ne Japanawa. Ya fara zuwa can a 2003 yana da shekara 72, ya tarar da dubban mutane da za su yi tsit ko tari babu, sannan su yi ta tafi ba ƙaƙƙautawa. Ya koma a 2004 da 2006. Amma faya-fayansa uku na farko, waɗanda su ne tushen bossa nova, na kamfani ne, ya kwashe shekaru yana shari'a da EMI a kansu. Ya rasu a Rio a 2019 da bashi a kansa, a gidan da ba nasa ba. Mutumin da ya ƙirƙiro bugun ke nan.

Sai Sérgio Mendes, wanda ya fi su duka gane kasuwa. Ya koma Amurka a 1964, ƙungiyarsa ta farko ba ta yi ciniki ba, sai ya sake lale. Ya kafa Brasil '66 da mata biyu a gaba, babbarsu Lani Hall 'yar Chicago, wadda ta haddace kalmomin harshen Fotugal ba tare da tana jin sa ba. Kamfanin A&M na Herb Alpert ya ɗauke su, suka fito da «Mas Que Nada» ta Jorge Ben, suka kuma riƙa ɗaukar waƙoƙin Turawa irin na Beatles suna sa musu bugun Brazil. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, shi ne tsarinsa. A 2006 ya sake fitar da waccan waƙar tare da Black Eyed Peas, 'ya'yan waɗanda suka yi rawarta a da su ma suka taka. A gida an daɗe ana yi masa kallon ɗan kasuwa, ni ma ba duk faya-fayansa nake so ba, wasu sun yi zaƙi da yawa. Amma ya riƙe ƙungiya kusan shekara sittin yana biyan albashi, kuma makaɗan Brazil da dama ta hannunsa suka shiga Amurka. Ya rasu a Los Angeles a 2024.

Wannan ya kawo ni kan mutanen da na fi so a yi maganarsu, wato makaɗan ganga, domin ta hannunsu samba ta shiga duniya ba tare da an kira sunanta ba. Paulinho da Costa ya taso a Portela tun yana yaro, Mendes ya kai shi Los Angeles a farkon shekarun 1970, ya zama ɗaya daga makaɗan da aka fi ɗauka a situdiyo a tarihi. In ka taɓa jin «Off the Wall» ko «Thriller» na Michael Jackson, ka ji hannunsa. Airto Moreira ya shiga ƙungiyar Miles Davis da cuíca da tarkacen kayan kaɗe-kaɗe, daga nan ya wuce Weather Report, sannan shi da matarsa Flora Purim suka shiga Return to Forever ta Chick Corea. Dom Um Romão shi ne mai ganga a kundin Sinatra da Jobim. Naná Vasconcelos ya ɗauki berimbau, baka mai tsirkiya ɗaya da ƙwarya, ya zagaye dandalin jazz na Turai da Amurka da ita. Eumir Deodato, mai tsara kiɗa ne shi, shi ya yi wa Kool & the Gang furodusa a shekarun da suka fi ciniki. Waɗannan ba a buga hotonsu a bangon faifai, aikin ƙwadago ne, a kira ka a biya ka, amma sun samu rufin asiri mai ɗorewa da wasu taurarin ba su samu ba.

Wasu kuwa ba neman kuɗi ya fitar da su ba. Sojoji sun ƙwace mulki a 1964, suka ƙara matsa lamba a Disambar 1968. Aka tsare Caetano Veloso da Gilberto Gil, aka tura su gudun hijira Landan daga 1969 zuwa 1972. Chico Buarque ya fake a Italiya, Nara Leão a Paris, aka sallami Vinicius daga aikin diflomasiyya. Su Chico da Caetano ƙarfinsu a baitoci yake, don haka zaman bai yi musu daɗi ba, suna samun hali suka koma. Baden Powell, gwanin jita, shi ya yi zamansa shekaru a Faransa da Jamus, tunda tsirkiya ba ta bukatar tafinta. Gil yana da wani labari da ya shafe mu: ya zo Legas bikin FESTAC a 1977, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna, ya haɗu da Fela, ya koma gida ya fitar da kundin «Refavela» a shekarar, cike da abin da ya gani ya ji a nan. Shi ne daga baya ya zama ministan al'adu daga 2003 zuwa 2008.

Bayan guguwar Amurka ta lafa, bossa nova ta faɗa wani hali mai ban haushi, ta zama kiɗan ɗakin jira da na otal, ana sa ta don kada wuri ya yi shiru. Turai da Japan suka riƙe ta da mutunci. Bikin jazz na Montreux a Suwizalan ya fara ware wa Brazil dare guda a 1978. Japan kuwa tana da tsohuwar alaƙa, domin tun 1908 Japanawa ke ƙaura zuwa Brazil, kuma babu ƙasar da ta kai Brazil yawan jikokinsu a waje. Lisa Ono, wadda aka haifa a São Paulo aka kai ta Tokyo tana da shekara goma, ta gina sana'arta kacokan a kan rera bossa nova ga Japanawa, unguwar Asakusa kuma tana bikin samba tun 1981. A shekarun 1990 masu sa faifai a gidajen rawa na Landan suka tono tsofaffin faya-fayan Marcos Valle da Joyce, mutanen da gida ya fara mantawa da su, sai ga su sun koma rangadi. A 2000 Bebel Gilberto, 'yar João da aka haifa a New York, ta fitar da «Tanto Tempo» ta hannun wani kamfanin Beljiyam, ya yi ciniki sosai a waje kafin gida ya waiwaye ta.

Kada dai sunayen nan su ruɗe ka. A bayan kowane ɗaya akwai ɗaruruwan makaɗa a Lisbon da Paris da Berlin da New York waɗanda rayuwarsu ita ce wasa a gidan abinci, bikin aure, da koyar da ɗalibai. Kowane dare sai an roƙe su waƙoƙi goman nan na shekarun 1960, in suka sa nasu sabo a ci gaba da hira. Lokacin zafi na Turai shi ne kakarsu, saboda bukukuwa, hunturu kuwa sai a hankali. Masu gangar samba sun samu wata kafa, koyar da Turawa bugu a ƙungiyoyin da aka kafa a biranensu. Garin Coburg na Jamus kaɗai yana tara dubban makaɗa kowace shekara tun 1992, mafi yawansu ba 'yan Brazil ba.

Manyan mawaƙan samba kuwa, rashin saninsu a waje bai hana su komai ba, domin ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 kasuwa ce da kanta. Irin su Zeca Pagodinho da Alcione in sun fita, 'yan ƙasarsu mazauna waje ne ke cika musu zaure suna amshi baiti-baiti. Na baya ne suka sha wuya. Cartola, wanda Stokowski ya ɗauka a jirgin ruwa, ɗaya daga waɗanda suka kafa Mangueira a 1928, ya ɓace shekaru har wani ɗan jarida ya tsince shi yana wankin mota a Ipanema, unguwar da waƙar can ta sa duniya ta sani. Kundinsa na farko sai 1974 ya fito, yana da shekara 65.

Inda samba ta je da bakinta aka kuma gane ta shi ne inda ake jin harshenta. Martinho da Vila ya fara zuwa Angola tun kafin ta samu 'yanci a 1975, ya yi ta komawa, yana kawo mawaƙan can Rio. A 1980 ayarin mawaƙan Brazil, cikinsu har da shi da Chico Buarque da Clara Nunes da Dorival Caymmi, suka zagaya biranen Angola ana cikin yaƙin basasa, suka yi wasa a Lobito da Luanda da Benguela, biyun ƙarshen nan su ne tashoshin bakin tekun da aka loda kakannin da yawa daga cikin masu samba a jirgi.